Bayan an naɗe tabarmi

Tatsuniyoyinmu cike suke da marayu. Da wuya a yi daren hira guda ba a kawo labarin wata yarinya da uwarta ta rasu ta bar ta a hannun kishiya ba, ana ba ta ƙanzo, ana tura ta rijiya da tsakar dare. Amma in mai karatu ya natsu zai lura da wani abu: mutuwar uwar nan a jimlar farko take aukuwa, kuma a nan ake barinta. Ba a gaya mana abin da yarinyar ta yi a daren farko da ta kwanta ita kaɗai bisa tabarmar da suka saba kwana su biyu. Ba a gaya mana ko ta ɓoye kallabin uwarta tana shinshina ba. Mai tatsuniya sauri yake yi, so yake ya kai ga tsohuwar da za ta yi taimako da ɗan sarkin da zai yi aure.

Ba laifin tatsuniya nake nema ba, aikinta daban ne. Abin da ya dame ni shi ne, haka muke yi a zahiri. Zaman makoki namu na manya ne. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza su zauna, mata su cika tsakar gida, a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, a wasu wuraren a ƙara da sadakar bakwai da ta arba'in. Matar mamaci tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, lokaci ne mai suna, mai iyaka, kowa ya san da shi, kowa yana sassauta mata. Yaro fa? A kora shi gidan maƙwabta kada ya ga an fito da makara. In ya tambaya a ce masa baba ya yi tafiya. In ya ɗan tasa, a dafa kansa a ce ya yi haƙuri, ai shi ne babba yanzu. Rana ta huɗu a naɗe tabarmi, a miƙa masa kaye da biro, a tura shi lakkal. Mun ba shi suna, maraya, amma ba mu yanka masa lokaci ba.

Mu malamai mu ne ke karɓarsa a wannan rana ta huɗu. Duk wanda ya daɗe yana riƙe da alli a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san yadda bazara take rage yawan aji. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau yake kewayawa. Waɗanda suka ga annobar 1995 ba su manta ba, a 2015 kuma sai da aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki saboda shi. Na taɓa koyar da wani aji inda yara biyu suke zama benci guda tun shekarar farko. Ɗaya ya kwanta ran Talata, ran Alhamis aka binne shi. Wanda ya rage bai yi kuka ba, bai ce uffan ba, karatunsa ma bai ja baya ba. Abu guda ya yi: kullum da safe sai ya ajiye allonsa a gefen da babu kowa, in wani ya zo zai zauna sai ya taso masa da faɗa. Ajin kuwa cunkushe yake, wasu a ƙasa suke zama. Na yi wata biyu ina duba ɗan abin da muke da shi na littattafai, ina neman labari guda da zan karanta wa ajin wanda yaron nan zai ji kansa a ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Da Hausa ban samu ba.

Da Faransanci akwai abin da aka saba ba yara. Akwai Sans famille na Hector Malot, na 1878, inda Rémi ya rasa karnuka biyu da birinsa, sannan ya rasa maigidansa Vitalis a cikin sanyin Paris. Littafi ne mai sa hawaye, amma ƙarshensa irin na tatsuniya ne: yaron ya gano uwarsa, ashe attajira ce, duniya ta biya shi bashin da ta ci. Yaron da ke ajina ba za a biya shi ba, ya kuma san haka.

Littafin da ya fara nuna mini cewa ana iya yin wani abu daban daga Amurka ya fito. Katherine Paterson ta buga Bridge to Terabithia a 1977, bayan da tsawa ta kashe ƙawar ɗanta, yarinya ƴar shekara takwas, a 1974. Uwa ce da ta rasa amsar da za ta ba ɗanta, sai ta zauna ta rubuta labari. Jess da Leslie abokai ne, suna da wata ɓoyayyar masarauta a dajin da ke ƙetaren rafi, da igiya suke lilo su tsallaka. Wata rana malamar waƙa ta gayyaci Jess zuwa gidan kayan tarihi a Washington. Sai da suka yi nisa ya tuna cewa da ya ce a tafi da Leslie, amma a ransa ya ji daɗin keɓewa da malamar. Da ya komo ya tarar igiyar ta tsinke, Leslie ta nutse.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake girmama marubuciyar. Jess ya ce ƙarya ne. Da gari ya waye ya zauna ya ci abinci ya ƙoshi, har yayarsa ta zarge shi da rashin damuwa. Ya mari ƙanwarsa ƙarama wadda take ƙaunarsa. Ya ɗauki kayan zanen da Leslie ta ba shi kyauta ya watsa su a rafi. Yana fushi da wadda ta mutu don ta tafi ta bar shi, yana kuma ganin shi ya kashe ta da bai gayyace ta ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za mu kira ladabi a zaman makoki, amma duk malamin da ya zauna da yaro mai juyayi ya san su: ƙaryatawa, cin abinci kamar ba a yi komai ba, faɗa ba dalili, da wannan mugun zato na cewa da na yi kaza da bai mutu ba. Littafin ya ci lambar Newbery a 1978, ya kuma shafe shekaru yana cikin waɗanda wasu iyaye a Amurka suke neman a cire daga ɗakunan karatu na makarantu. Ashe ba mu kaɗai ne muke kora yara gidan maƙwabta ba.

Patrick Ness ya ƙara matsawa gaba a 2011 da A Monster Calls, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Quelques minutes après minuit. Asalin tunanin na Siobhan Dowd ne, wadda ciwon daji ya kashe a 2007 kafin ta rubuta shi. Conor ɗan shekara 13 ne, uwarsa tana jinya. Wani dodo mai siffar itace yana zuwa masa da dare, ya ba shi labari uku, da sharaɗin shi ma zai ba da na huɗu, kuma dole ya zama gaskiya. Wannan tsari, na dodo mai hira da sharaɗi, bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Gaskiyar da yaron yake ɓoyewa ita ce ya gaji, a can ƙasan ransa yana so abin ya ƙare, ko da ƙarewar tana nufin rasa uwarsa. Na san ƴan mata a kolej da suka yi shekara suna jinyar uwa, suna wanki, suna daka, suna zuwa aji da barci a ido. Wace ce a cikinsu za ta iya furta irin wannan magana a gaban gwaggonta? Littafi kuwa yana iya furta ta a madadinta, ta karanta ita kaɗai, ta gane ba ita ce muguwa ta farko a duniya ba.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Michael Rosen, marubucin yara na Ingila, wanda sanƙarau ya kashe masa ɗa mai shekara 18 a 1999, ya buɗe littafinsa na 2004 da zanen fuskarsa yana murmushi har haƙora a waje, sannan ya bayyana cewa hoton na lokacin baƙin cikinsa ne, yana yi ne don kada mutane su guje shi. Shafi guda ya isa ya sa in sake duban karin maganar nan. Mu da muka tashi cikin kunya da kara, inda uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yi kukansa a fili, mun fi kowa sanin fuskar da ba ta ba da labari.

Zan ji ana cewa waɗannan na nasara ne, mu muna da addini, muna da haƙuri, mutuwa rigar kowa ce. Haka ne, kuma ba na son littafin da zai koya wa ɗana jayayya da ƙaddara. Amma mu duba abin da ke hannunmu. Annabi Yaƙuba, wanda ake buga misali da kyawun haƙurinsa, shi ne wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Shi kansa ya rasa mahaifi kafin a haife shi, ya rasa mahaifiya yana da shekara shida, ya rasa kakansa yana da takwas. An kuma ruwaito cewa da ɗan tsuntsun ƙanen Anas ɗan Maliku ya mutu, ya ga yaron cikin damuwa, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa, ba uwa ba. Shirun da muke ɗora wa yara mu muka ƙirƙiro shi, muka sa masa rigar haƙuri.

A rubutaccen adabinmu ma akwai mafari. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, labarin yaro ne da ya rasa uba, aka sace shi, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, da suka sadu kuma ba ta jima ba ta rasu. Babu ɗan sarki a ƙarshe. Sai dai dattijo ne yake ba almajiransa labarin bayan shekaru sun shuɗe, da natsuwar wanda ya riga ya warke. Muryar yaron, a lokacin da abin yake ɗanye, ita ce har yanzu muke jira.

Akwai gargaɗi guda da zan yi wa masu niyyar rubutu. Yawancin littattafan irin wannan ana tallarsu da cewa suna nuna yadda rashi yake gina yaro, ya mai da shi mutum. Ina ɗari-ɗari da wannan magana. Da marubuci ya fara kashe uwa domin ɗanta ya koyi darasi, ya koma wa'azi, yara kuwa suna jin warin wa'azi tun daga nesa. Jess bai zama gwarzo ba. Abin da ya yi a ƙarshe ƙarami ne: ya samo katako ya gina gada bisa rafin, ya riƙo hannun ƙanwar da ya mara ya tsallakar da ita. Irin girman da na yarda da shi ke nan, wanda bai fi ƙarfin ɗan shekara goma ba.

Abin rubutawa kuwa bai yi mana ƙaranci ba. Akwai yarinyar da aka mayar gidan kawu bayan rasuwar uba, aka raba ta da ƙannenta, kowa da inda aka kai shi. Ta yi rashi biyu, ɗaya kawai aka yi mata gaisuwarsa. Akwai ɗan ɗan ci-rani, wanda ubansa ya tafi Libiya ko bakin teku, waya ta daina shiga, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, 52 daga cikinsu yara ne, da yawa daga yankin Kance suka fito. Waɗannan yara suna da abokan wasa da ƴan uwa da suka rage a gida, waɗanda ba su ga makara ba, ba su san kushewa ba. Yau sun zama samari da ƴan mata.

Harshen ma a shirye yake. Muna da juyayi, da jimami, da alhini, da kewa, da bege, da raɗaɗi, da takaici, kowace da inda take ciwo. Yaron da aka koya wa bambancin kewa da takaici ya sami abin da zai faɗa in an tambaye shi me ke damunsa, maimakon "ba komai". Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo sun nuna cewa ana iya buga littafin yara da harsunanmu a nan gida. Ƙungiyoyinmu na al'adu suna shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo kowace shekara. Ina roƙon ko da guda ɗaya ta sa gasar gajeren labari, shafi goma zuwa ashirin, da sharaɗin ya fara daga ranar da aka naɗe tabarmi, kuma yaro ne zai yi magana da bakinsa.

In littafin ya samu, ga shawarata ga ƴan uwana malamai. Kada a karanta shi a makon da aka yi rashi, kada kuma a ɗaga kai a dubi maraya ana cikin karatu. A karanta shi a rana irin ta kullum, ga aji duka, kamar kowane labari. Kada a ba da tambayoyin jarrabawa a kansa. In an gama a bar shi bisa tebur, inda hannu zai iya kaiwa lokacin shan iska, in kuma ya ɓace na kwana biyu kada a tambayi wanda ya ɗauka.