Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Cikinmu mazauna Tamanrasset akwai waɗanda suka fara taɓa kwamfuta tun wajen ƙarshen shekarun 1980, a kan wata 'yar na'ura mai suna Sakhr, wadda alhazai kan zo da ita tsaraba daga Saudiyya, a jona ta da talabijin. Marigayi Muhammad Al-Sharekh na Kuwaiti, wanda ya rasu a 2024, shi ne ya kafa kamfaninta a 1982, ya sa wa kwamfutocin Japan masu tsarin MSX harufan Larabci. Yau galibinsu sun mutu, zafi da ƙurar hamada sun cinye su.

Abin da ya rage mana shi ne manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa waya ko kwamfutar zamani ta riƙa aiki tamkar tsohuwar na'urar. To, a nan ne muke son 'yan'uwa su lura. Yawancinmu da zarar mun ga wasa ya tashi yana gudu, sai mu ce an dace. Alhali gudu ba shi ne wahalar ba. Ƙwaƙwalwar Sakhr, wato Z80, tana bugawa kimanin sau miliyan 3.58 a daƙiƙa, wayar da ke aljihunmu kuwa ta ninka wannan sau ɗaruruwa. Wahalar ita ce a hana sabuwar na'ura sauri, ta riƙa yin kowane abu a daidai lokacin da tsohuwar kan yi shi.

Ga misali. Talabijin ɗinmu na Aljeriya kan sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Japan kuwa sau 60. Wasanni da yawa da wannan bugun suke ƙidaya lokaci. Saboda haka in aka bar manhajar a kan 60, kiɗa da motsi za su fi waɗanda muka sani sauri da kashi 20 cikin 100. Yaro zai ga abin daidai, amma babba zai ji kiɗan ba shi ne ba. Haka kuma MSX na farko ba ya iya nuna ƙananan hotuna masu motsi fiye da 4 a layi guda, shi ya sa sukan yi ƙyaftawa. Wasu manhajoji sukan kawar da wannan a matsayin gyara, sai hoton ya yi kyau, amma ya bar asali.

Manhajar fMSX, ta Marat Fayzullin, ta fito ne a shekarun 1990, lokacin da kwamfutoci ba su da ƙarfi, don haka sauƙi ta sa gaba. Ita kuwa openMSX daidaito ta sa gaba, ko da za ta ƙara wa na'ura nauyi. Ga mai son ɗebe kewa kawai, kowacce ta wadatar.

Amma mu da muke son nuna wa 'ya'yanmu abin da muka koyi harufa da lissafi a kansa, hakki ne a kanmu mu nuna musu yadda yake, da jinkirinsa da ƙyaftawarsa. Ranar da na'ura ta ƙarshe ta mutu, kwaikwayon ne kaɗai shaida. Don haka wanda nasa ke aiki har yanzu, ya taimaka ya kawo a gwada su gefe da gefe, tun masu tuna sautin suna raye. Allah ya sa mu dace.