Haɓo da Ciwon Kai

Aikina duba makarantu ne a ƙasar Gaya da Ajingi. Ran nan da hunturu na sauka a wata makarantar ƙauye a ƙasar Ajingi, na tarar 'yan aji huɗu sun kewaye wani yaro, jini na zuba daga hancinsa. Haɓo ne. Malaminsu ya sa shi ya ɗaga kai sama, shi kuwa yana ta laluben akwatin magani, ga shi babu kome a ciki.

Na ce, "Malam, bar akwatin nan, maganin yana hannun yaron." Na zaunar da shi, na sa ya sunkuyar da kai kaɗan, ya matse hancinsa da yatsu biyu a wurin da ke da taushi, yana numfashi ta baki. Muka duba agogo, minti 10 cur bai saki ba. Da ya saki, sai ga jini ya tsaya cak.

Ku lura, yara. Iskar hunturu ita ke busar da cikin hanci, har ƙananan jijiyoyi su fashe. In mai haɓo ya ɗaga kai, jinin ba tsayawa yake yi ba, maƙogwaro yake bi ya gangara ciki, ya jawo amai.

Ciwon kai ma sau da yawa ba ya bukatar ƙwaya. Da bazara yaro kan taho da ƙafa daga nesa, bai karya kumallo ba, bai sha ruwa ba, kafin hantsi sai kai ya fara sarawa. Ƙishirwa ce da yunwa. A ba shi ruwa mai tsabta, ya sha koko, ya kwanta a inuwar darbejiya, sai ka ga ya wartsake. Wanda ya ƙurje gwiwa kuma a wanke masa da ruwa da sabulu. Kada a barbaɗa ƙasa ko toka.

Amma fa kome yana da iyaka. In haɓo ya wuce minti 20 bai tsaya ba, sai asibiti. In ciwon kai ya zo da zazzaɓi mai zafi, wuya ya ƙage, yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji, to, wannan alamar sanƙarau ce. A 1996, ina ɗan makaranta kamarku, cutar nan ta kashe dubban mutane a Arewacin Najeriya, har da Kano. Wanda ya ga alamar nan ya sheƙa ya gaya wa malam, a kai yaron asibiti nan da nan.

Bayan wata uku na koma makarantar nan. Yaron ya tare ni a bakin aji, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwata ta yi haɓo a gida, ni na tsayar mata." Wannan ya fi mini akwati cike da magani.