Mu Leƙa Ƙofar Guga

Yau ina so ku yafa gyale ku rako ni Ƙofar Guga, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Katsina, wadda ake fita ta cikinta a kama hanyar Jibiya har zuwa Maraɗi. Amma mu ba fita za mu yi ba. Za mu juya mu shiga lungunan da ke cikin gari, don akwai abin da nake so ku gani.

Ku dubi gidajen nan. Zaure ɗaya ne, amma in kun shiga tsakar gida sai ku tarar da murhu uku ko huɗu. Wani gida da na shiga, uwar gidan ta nuna mini sashen babban ɗanta da na mai bi masa, sa'an nan ta nuna wani ɗan ɗaki kusa da zaure. Ta ce, "'Yar nan, autana ke nan ciki. Ya gama karatu, yana aiki, an kai lefe tun bara, amma ɗakin da za a sa amarya ya gagara."

Kada ku ce wannan sabon abu ne duka. Tun zamanin kakanninmu, yaro in ya isa aure gidan ubansa yake zama. A yanka masa wuri, magini ya zo da tubali da azara, kafin damina ɗaki ya tashi. Abin da ya sake shi ne, da can akwai fili, yanzu kuwa gidajen cikin gari sun cika.

Dalili kuwa a fili yake. A shekarar 1987 Katsina ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta zuwa, gari ya ƙetare ganuwa, filaye suka yi tsada. Daga baya rashin zaman lafiya ya koro mutane da yawa daga ƙasashen Jibiya da Batsari da Safana, kowa yana neman ɗakin haya. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin kome ya hau, har a farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Ga shi mai gidan haya kuɗin shekara yake so gaba ɗaya. To, saurayi mai ƙaramin albashi ina zai samo?

Mu mata abin ya fi shafa. Yarinya tana zaune gidansu ana ta ɗaga ranar biki, maƙwabta suna tsegumi. Wadda aka kai kuwa ta tarar da suruka da faccaloli, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Saboda haka ga shawarata. Ke uwa, in mai neman 'yarki mutumin kirki ne, kada ki kore shi don ɗakinsa yana gidan ubansa. Ke suruka, ki bar amarya da tukunyarta da sirrin ɗakinta. Ke amarya, ki gaida manya, ki shiga adashi, abin da kika tara wata rana shi zai zama bulon farko. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe karatu da sana'ar hannu, gama a wannan zamani hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da zan fito, tsohuwar nan ta rako ni har zaure, ta ce ta yanke shawara za ta koma ɗakin autan, ta bar wa amarya nata. Allah ya saka mata da alheri, ya kuma rufa mana asiri duka, amin.