Minamata, Garin da Ya Binne Gubarsa a Bakin Teku

Daga Abuja zuwa Fukuoka, birni mafi girma a tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan, sai da na ratsa ta Doha da Tokyo. In an haɗa da zaman jira a filayen jirgi, tafiyar ta kusa awa 30. Agogonsu yana gaban namu da awa 8, don haka na sauka jikina bai san dare ba bai san rana ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne kusancin filin jirgin da tsakiyar gari: jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni babbar tashar Hakata cikin minti 5, a kan yen 260.

Minamata na nufa, wani ɗan gari na bakin teku a jihar Kumamoto. Wanda ya karanta kimiyyar muhalli ko aikin likita ya san sunan, domin da shi ake kiran cutar da gubar zaiba take haddasawa. Ni so nake in ga da idona inda lakar da ta janyo bala'in ta kwana.

Washegari da safe na sayi tikitin jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira Shinkansen. Kuɗin ya haura yen 7,000, na biya ina lissafin abin da zai saya a kasuwar Sabon Gari. Tsakanin Hakata da tashar Shin-Minamata kilomita 190 ne da 'yan kai, jirgin kuwa ya cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, yana taɓa gudun kilomita 260 a awa. Ba gudun ne ya fi ba ni mamaki ba, shirun ne. Tarago cike da mutane, ba mai amsa waya, ba mai talla, ba mai tambayar maƙwabcinsa ina ya nufa. Na zauna kusa da taga don in more kallo, kuma har muka wuce Kumamoto ina ganin gonakin shinkafa shimfiɗe da gidaje masu rufin tayal. Daga tashar Shin-Yatsushiro kallo ya ƙare. Ƙasar duk duwatsu ce, an huda su an yi hanya, mu fita daga wannan rami mu faɗa wancan. Da ƙyar na hango shuɗin teku kafin duhu ya sake rufe mu.

A Shin-Minamata na koma wani ƙaramin jirgi mai tarago ɗaya na layin Hisatsu Orange. Direba ne kaɗai ma'aikaci a ciki, shi ke tuƙi shi ke karɓar kuɗi wurin sauka. Tasha ɗaya ce tak, kuɗin bai kai yen 300 ba. Ina fitowa daga tashar Minamata na yi kiciɓis da ƙofar masana'antar da ta zubar da gubar, ga ta nan a tsallaken titi tana fuskantar duk mai shigowa gari. Ban zaci tana aiki har yanzu ba. Tana aiki, sai dai tun 2011 wani reshen kamfanin Chisso mai suna JNC ne ke gudanar da ita. Garin da ya taɓa tara mutum 50,000 a tsakiyar shekarun 1950 yanzu bai kai rabin haka ba, kuma yawancin waɗanda na gani a titi tsofaffi ne.

Tafiyar kimanin minti 10 a ƙafa ta kai ni bakin magudanar Hyakken. Wuri ne da za ka wuce ba ka waiwaya ba: kwalbati na siminti, ruwa kwance, allon bayani, da ɗan mutum-mutumin dutse da aka ajiye don tunawa da mamata. Ta nan ne Chisso ya riƙa sako dagwalon masana'antarsa cikin teku. Tun 1932 kamfanin yake amfani da zaiba wajen haɗa wani sinadari da ake kira asitaldihaid, kuma a cikin aikin wani ɓangare na zaibar yana rikiɗa ya koma nau'in da ya fi kowanne haɗari, wato metil-zaiba. Bai daina ba sai a watan Mayun 1968. Shekara 36 ke nan. An ƙiyasta cewa tan 70 zuwa 150 na zaiba ne ya taru a ƙasan wannan lungun teku. Da masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka auna lakar bakin magudanar a 1959, sun sami kilo 2 na zaiba a cikin kowane tan na laka, adadin da ya isa a kafa mahaƙa a kansa.

Na daɗe tsaye a wurin, domin a nan ne asalin maganar take. Ruwa mai tafiya ne, igiya tana shiga tana fita sau biyu a rana, tana wanke shi. Laka ba ta zuwa ko'ina. Ƙarafa irin su zaiba da dalma da kadmiyom suna manne wa ƙananan ƙwayoyin taɓo, su nutse tare da su, su kwanta a ƙasa. Ba sa ruɓewa, rana ba ta ƙona su, shekaru ba sa rage su. Can cikin lakar, inda iska ba ta kaiwa, akwai ƙwayoyin halitta da ke mayar da zaiba ta zama metil-zaiba, ko da masana'anta ba ta yi ba. Tsutsotsi da kawa da kaguwa a lakar suke rayuwa, ita suke ci. Ƙaramin kifi ya cinye su, babban kifi ya cinye ƙarami, kuma a kowane mataki gubar ƙaruwa take yi, don jiki yana saurin ɗaukarta yana jinkirin fitar da ita. Shi ya sa za a iya ɗebo ruwan sama-sama a auna a ce lafiya lau, alhali kifin da aka kama a cikinsa ajali ne. Guguwa ko aikin yasa ko angar jirgi suna iya tayar da abin da ya kwanta shekara da shekaru.

Dabbobi ne suka fara nunawa. Tun farkon shekarun 1950 kifi ya riƙa tasowa a mace, hankaki suna faɗowa daga sama, kyanwoyin ƙauyukan masunta suna tangaɗi suna juyi har su faɗa teku. Ranar 1 ga Mayun 1956 shugaban asibitin kamfanin, Dakta Hajime Hosokawa, ya kai rahoto ga hukumar lafiya game da wata baƙuwar cuta, bayan an kawo masa yarinya 'yar shekara 5 da ta kasa tafiya da magana, sannan aka kawo ƙanwarta. Hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, ji ya ragu, harshe ya karye. Wasu jarirai da ita aka haife su, gubar ta ratsa mahaifa ta same su tun suna ciki. Da farko an ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, maƙwabta suka guji gidajen marasa lafiya.

A 1958 kamfanin ya karkatar da dagwalon zuwa bakin Kogin Minamata, gubar ta bazu cikin Tekun Shiranui gaba ɗaya. A 1959 Dakta Hosokawa ya riƙa zuba wa kyanwoyi ruwan masana'antar a abinci, kyanwa mai lamba 400 ta kamu da cutar, kamfanin ya ɓoye sakamakon. A ƙarshen shekarar aka ba iyalai kuɗin jaje, yen 300,000 a kan kowane mamaci, da sharaɗin ba za su sake neman komai ba ko da an gano laifin kamfanin ne. Gwamnatin Japan ba ta furta a hukumance cewa dagwalon Chisso ne sanadi ba sai a watan Satumbar 1968, watanni bayan an rufe sashen da ke fitar da gubar. A ganina wannan jinkirin na shekara 12 ya fi zubar da gubar muni, domin an yi shi ne ana sane.

Daga Hyakken na miƙe zuwa bakin teku, tafiyar kusan minti 20, ƙafafuna sun fara nauyi. Sai ga fili shimfiɗe, kore shar: filayen wasa, lambun fure, gandun gora, tsofaffi suna motsa jiki. Sunansa Eco Park Minamata. Nan da nake takawa teku ne a da. Tsakanin 1977 da 1990 jihar Kumamoto ta yashe duk lakar da zaibarta ta kai miligiram 25 a kilo ɗaya. An zuƙo ta da bututu don kada a dama ruwan, aka zuba ta a can cikin lungun inda gubar ta fi yawa, aka kewaye da bangon ƙarfe, aka rufe da shimfiɗar roba da tokar dutsen wuta da ƙasar tudu. Lakar da aka yi aikin a kanta ta kai kubik mita miliyan 1.5, sabuwar ƙasar da ta fito hekta 58 ce, kuɗin aikin yen biliyan 48.5, kuma Chisso ne ya ɗauki fiye da rabi. Har gurɓataccen kifin da aka kama an cusa shi a durom-durom an binne a nan. Tun 1974 aka gitta raga a bakin lungun don kada kifin ciki ya fita, ba a ɗauke ta ba sai 1997, bayan an yi shekara 3 a jere kifin bai haura ma'aunin gwamnati na miligiram 0.4 a kilo ba.

Aiki ne na a yaba, amma a kira shi da sunansa. Ba a kawar da zaibar ba, rufe ta aka yi, kamar mai share ɗaki ya tura sharar ƙarƙashin tabarma. Tana nan ƙarƙashin ciyawar da yara ke buga ƙwallo a kai. Bangon ƙarfen da ke tsare ta a cikin ruwan gishiri yake, an ƙiyasta masa kimanin shekara 50, kuma ƙasar ta girgiza ce: a watan Afrilun 2016 an yi babbar girgizar ƙasa a jihar Kumamoto ɗin nan. Lakar da ba ta kai miligiram 25 ba kuwa an bar ta a inda take, alhali lakar da ba ta gurɓata ba ko miligiram 1 ba ta kaiwa.

A kan tudun da ke kallon filin akwai gidan tarihin cutar, wanda hukumar gari ta buɗe a 1993. Shiga kyauta ce. Na tarar da ɗaliban firamare, kowa da ɗan littafinsa yana rubutu. Akwai tsarin da waɗanda cutar ta shafa suke zuwa da kansu su ba baƙi labari. Mutanen da gwamnati ta tabbatar da cutar a jikinsu a jihohin Kumamoto da Kagoshima ba su kai 2,300 ba, amma dubun-dubata sun karɓi wani tallafi ƙarƙashin sulhun 1995 da dokar 2009. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin ƙasa da ta jiha su ma suna da alhakin yaɗuwar cutar. Har gobe akwai masu shari'a a kotu.

Na sauko na sami gefen ciyawa na yi sallar azahar, waya ta nuna mini alƙibla. A bakin ruwa akwai ƙananan gumakan dutse da waɗanda cutar ta shafa suka sassaƙa, duk suna fuskantar teku, ga tsibirin Koiji can gaba kaɗan. Ruwan garau yake, ana hango duwatsun ƙasa.

Sai maganar abinci. Musulmi a Japan kifi ne mafitarsa, don naman alade yana shiga miya da romo ta inda ba ka zata ba. Tun da na sauka kifi nake ci ban taɓa tunani ba, amma a wannan gari sai da na ɗan yi jim da aka ajiye mini shinkafa da ƙananan fararen kifin da suke kira shirasu. Na dubi teburan da ke kusa, kowa ci yake yi. Na yi bisimilla. Bai kai yen 1,500 ba, kuma ya yi daɗi. Wannan jim ɗin da na yi shi ne abin da masunta da manoman garin suka sha fama da shi shekaru, har lemo da albasa mutane suka riƙa gudu in sun ji daga Minamata suke. Wataƙila shi ya sa suka zama masu tsantseni. Tun 1993 suke rarraba sharar gida, yanzu kashi fiye da 20, kowane iri da kwandonsa.

A jirgin komawa tunanina gida ya tafi. A watan Oktoban 2013 aka amince da yarjejeniyar duniya kan zaiba a birnin Kumamoto, aka sa mata sunan Minamata, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2018. A yau babbar hanyar da zaiba ke fita duniya ita ce haƙar zinariya ta gargajiya, inda ake cuɗa ta da garin dutse ta kama zinariyar, a ƙona ta ta tashi, ragowar a wanke a rafi. Haka ake yi a Zamfara da Neja da Kebbi. Mun riga mun ga abin da 'yar'uwar zaiba ta yi: gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Ruwan Zamfara yana bin Gulbin Sakkwato ya faɗa Kwara, daga nan har teku, kuma a kan hanya akwai fadamu da dam-dam da masunta.

Ba mu da yen biliyan 48.5 na yashe kogi. Abin da muke da shi sassan kimiyya ne a jami'o'in Sakkwato da Gusau da Minna da Zariya. Ina roƙon hukumomin muhalli na waɗannan jihohi su ba su kuɗin da za su riƙa ɗebo laka da kifi daga ƙasan wuraren wankin zinariya suna aunawa kowace shekara, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyo, yadda masunta da masu sayen kifi za su ji.