Duba Aikinka Kafin Ka Hau Mota

'Yan uwa marubuta, sana'ata ita ce saita manhajojin kwamfuta daga nan Batsari. Yawancin aikina yana cikin ƙananan fayiloli da ake kira YAML, inda ake rubuta wa manhaja ƙa'idojin da za ta bi. Waɗannan fayiloli ba su da yafiya. Gibi ɗaya ya yi yawa a farkon layi, ko suna ɗaya ya maimaitu, sai manhaja ta ƙi tashi, ko ta yi abin da ba a sa ta ba.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Mai son tura aiki sai ya biya kuɗin mota zuwa birnin Katsina, a kan hanyar da kowa ke bi da fargaba. In fayil ya ƙi aiki, tafiyar ta tashi a banza. A wannan lokacin na san darajar yamllint.

Sau ɗaya yake buƙatar intanet, ranar sauke shi: pip install yamllint. Daga nan ko babu sabis yana aiki. Ka rubuta yamllint da sunan fayil, ya jero maka lambar kowane layi da laifinsa. Yana kuma karɓar gyara. Asalinsa yana ƙorafi idan layi ya wuce harafi 80, amma ni da wani abokin aikina na Safana mun buɗe fayil mai suna .yamllint muka mayar da iyakar 120. Muka daina gardama a kan tsari.

Sai dai yana da iyaka. In ka rubuta 50 a wurin 500, shiru zai yi, domin siffa yake dubawa, ma'ana kuwa taka ce.

Haka rubutun Hausa yake. Yi wa kanka jerin ƙa'idoji: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, raba kalmomi, aya da waƙafi. Bi su layi-layi kafin ka tura labari gasa. Sannan ka karanta wa wani da baki, domin "kafa" da "ƙafa" duk kalmomi ne na ƙwarai, mai sauraro ne zai gane wadda kake nufi.