Mun yi godiya, ciwon bai tafi ba

Akwai laifin da muka yi a zumuntarmu, gara mu faɗe shi da bakinmu.

Wata 'yar'uwarmu a ƙungiyar mawaƙa tana da ciwon sikila. Wannan ciwo yakan toshe hanyar jini zuwa kan ƙashin cinya, har ƙashin ya mutu ya lotsa. Haka ya faru da ita tun ba ta kai shekara 30 ba. Muka tara gudunmawa, ikilisiya ta ƙara, aka yi mata aikin canza gaɓar ƙugu. Ranar da ta shigo sujada da ƙafarta, mun yi rawa, mun yi baikon godiya.

Bayan 'yan watanni ta fara cewa cinyarta na ciwo, musamman idan ta tashi daga zaune za ta ɗaga ƙafa. Muka ce mata, “Kai, 'yar'uwa, Ubangiji ya riga ya warkar da ke, kada ki ba shakka wuri.” Ta yi shiru. Tana jin nauyinmu, domin kuɗinmu ne aka kashe. Muna gani tana ɗingishi, muka ce gajiya ce.

Mamarta ce ta matsa aka koma asibiti. Aka gwada jini don a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, aka ɗauki hoton ƙashi, aka gwada shi da na baya. Ƙarfen ya nutse cikin ƙashin, ƙafar ta ɗan gajarta.

Ga yadda likita ya bayyana mana. Ƙarfen da ake cusawa cikin ramin ƙashin cinya iri biyu ne: wani ana kama shi da siminti na musamman, wani kuwa ana matsa shi ne ya zauna daram, sai ƙashi ya tsiro ya manne masa cikin mako 6 zuwa 12. Nata na biyun ne. Idan ya yi wa ramin kaɗan, yakan riƙa motsi, motsin da ido ba ya gani. Ƙashi ba ya manne wa abin da ke motsi, sai wata tsoka mai laushi ta kewaye shi. Duk wanda ya taɓa noma da fartanyar da ruwanta bai cika ƙota ba ya san ƙarshen zancen. Ya kuma ce a masu sikila ramin yakan tsuke ya taurare, idan aka tilasta babban ƙarfe ƙashin na iya tsagewa, shi ya sa awon ke da wuya.

Yanzu aiki na biyu ke gabanta, wanda ya fi na farko wuya da tsada. Da mun saurare ta, da an gani da wuri.

Mun je gidansu mun roƙe ta gafara. Mun gane cewa shaidarmu muke karewa, ita kuwa tana kwana da zafi. Mai ciwo da ya ce yana jin ciwo bai raina Allah ba, gaskiya ya faɗa.

Idan kuna da wanda aka yi wa irin wannan aiki, kuka ji yana kukan cinya, ko kuka ga ɗingishi ya dawo, ku yi addu'a tare da shi, ku kuma raka shi wurin likitan ƙashi a makon nan. Ku tuna da 'yar'uwarmu cikin addu'o'inku. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.