Kilon da ke zuwa ya koma

A ƙasar Kurfai, jikin amarya ba nata ba ne ita kaɗai. Uwar miji na duba shi, ƙannen miji na duba shi, har matan bakin rijiya. In ta cika, a ce gida ya karɓe ta. In ta rame, a ce da magana.

Wata yarinya da aka kai ɗaki a wani ƙauye kusa da Cikal ta sha wannan kallo wata bakwai. Duk wata, sai a ga fuskarta ta ciko, ƙirjinta ya yi nauyi, mararta ta taso, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Uwar mijin ta kan dube ta ta ce: «Ɗiyata, wannan karon Allah ya yi.» Bayan kwana biyar jini ya zo, jikin ya saɓe, gida ya yi tsit kamar an yi hasara. A wata na bakwai aka fara raɗe-raɗin ciki ne ke zubewa, aka ambaci iskoki.

Ungozomar asibitin Filinge ce ta warware zancen, da ta sa aka auna ta sau biyu, mako biyu tsakani. Bambancin kilo ɗaya ne da ɗan kai, kuma ba ciki, ba ɓari.

Abin da ke faruwa sananne ne ga likitoci. Daga haila zuwa haila kwana 21 ne zuwa 35. Wajen kwana 14 kafin jini ya zo, ƙwai ke fita, sannan sinadarin da ake kira furojestaron ya ƙaru domin ya shirya mahaifa. A kwanakin nan zafin jiki na ɗan hawa, son abinci na ƙaruwa, hanji na yin nawa, jiki kuma na riƙe ruwa da gishiri. Nauyin da ke hawa, rabin kilo zuwa biyu, galibinsa ruwa ne, ba tsoka ba, ba kitse ba. Jini na farawa sai ya bi fitsari ya tafi. A Dallol Boso, inda kanwa ke shiga tukunya tare da gishiri da dunƙulen Maggi, ba mamaki kumburin ya fi fitowa.

Abin takaici, duk idanun nan na kan abin da ke dawowa da kansa. Wanda ba ya dawowa a banza, ba mai lissafa shi. Mace na zubar da jini mililita 30 zuwa 40 kowane wata, wata ma fiye da 80, kuma tare da shi sinadarin ƙarfe ke fita. Fura da tuwon hatsi ba su cika mayar da shi ba, balle a lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa. Sai jiri wajen daka, haki wajen jan guga, a ce ragwanci ne.

Da ungozomar ta ja fatar idon yarinyar, fari fat ta gani. Ta rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce a riƙa ba ta wake, zogale da hanta ranar kasuwa, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana ƙarfen shiga jiki. Ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a faranti kuwa ta hana ta: irin su deksa kumbura fuska suke yi, su ta da hawan jini da ciwon sukari.